Jirgin da Na Sassaƙa da Ƙiryar Baba

Duk Talata Mafara mutum ɗaya ne bai yi mini dariya a kan jirgin nan ba, wato yayana Balarabe. Sauran kuwa har da maigidana, wanda ya ce idan na tashi tafiya duniyar wata in taho masa da tsaraba.

Sunana Ikilima. Ina koyar da kimiyya a wata firamare a Bakura, amma ni 'yar masassaƙi ce daga Garbadu. Cikin 'ya'yan Baba babu wanda ya so gizago sai ni, don haka a tsakar gida ya koya mini, har na iya fafe akushi ba tare da na huda gindinsa ba. Da ya rasu ya bar gungumen ƙirya guda a rumbu. Shi da kansa ya tsaga shi biyu, ya shekara bakwai yana bushewa a inuwa. Shi ne itacen ƙarshe da hannunsa ya taɓa.

Jirgin irin na finafinan nan ne na zamanin da bai zo ba, masu kwasar gari guda su ratsa taurari da shi. Ban kwaikwayi na kowa ba, ni na zana abina a bayan tsofaffin takardun jarabawa. Kowane inci ɗaya na tsayar da shi a madadin kamu ɗari, ta yadda na gaskiyar zai kai daga tashar mota har bayan kasuwa. Ɓari biyu ne, sama da ƙasa, kamar ƙwarya da murfinta. Dole su fito daga itace ɗaya mai bushewa ɗaya, in ba haka ba wani zai janye ya bar wani.

Balarabe ne ya ɗauko mini ɓarin farko a kan babur. Daga nan duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya biyo, ya tsuguna gaban aikin yana nuni da yatsa.

"Nan hwa mi a ciki?"

"Gonarsu ce, Yaya. Nan za su noma abin da za su ci."

"To ruwa hwa? Ko can ma akwai dam?"

Sai mu yi ta musu. Har ya taɓa cewa injin ya yi kusa da ɗakunan kwana, zafi zai dami mutane, na ga gaskiyarsa, na sake zane. Ba zan ɓoye ba, duk mako Juma'ar nan nake jira.

Wata bakwai na yi a kan ɓarin ƙasa. Da na nemi na biyun sai da ya ja ni mako uku kafin ya kawo. Ina ɗaga shi na ji nauyin ya yi yawa. Na sa gizago, ɓarɓashin bai yi tsalle ba, sai ya nannaɗe, ga ƙanshin ɗanyen itace.

"Yaya, wanga icce ɗanye na."

"Rumbun na yay yi yoyo da damina, ruwa yat taɓa bayanshi. Ke Ikilima, yanzu ni ka musanya miki iccen Baba?"

Kunya ta kama ni, har haƙuri na ba shi. Hannuna ya faɗa mini gaskiya, na ƙaryata shi saboda yayana.

Wata biyar na ƙara. Na huda tagogi ɗari biyu da sha biyu da ƙusa mai zafi, na goge da magagari da samfefa har yatsuna suka saɓule. Na haɗa ɓarin biyu da 'yan turakun itace da gam, na shafe shi da man kaɗe. Ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Kwana tara ya yi a haka. A rana ta goma, da zafin bazara, ina duba littattafan aji sai na ji ƙas! Ɓarin sama ya tsage daga hanci har baya, ya murɗe, ya fizge turakun, ya yage bakin ɓarin ƙasa da su. Na zauna na yi kuka sosai, ina zargin kaina da gaggawa. Balarabe ya zo ya duba, ya girgiza kai, ya ce ƙaddara ce.

Bayan mako biyu matarsa ta haihu a gidan iyayenta a Maradun, muka je suna. Surukinsa Ɗan Juma mahauci ne, shi da kansa yake datsa ragon a ƙofar gida. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi hanya da gida da makaranta da mutanen Mafara ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ɗaga naman da ke gabansa, ya buga gungumen da ke ƙasa da tafin hannu.

"Ɗiyata, ban yi miki godiya ba. Wagga ƙirya, shekara talatin ina fawa ban ga irinta ba. Gatari ba ya cin ta. Balarabe ya ce ke kinka ce a ba ni, wai dama wasan yara kike da ita. Allah shi yi miki albarka."

Na kalli itacen. An yanke shi gida biyu, ya sha jini da kitse, duk fuskarsa sara ne. Na ce amin. Me zan ce wa dattijo?

Na sami Balarabe a bayan gida yana ƙirga kujeru. Ban ɗaga murya ba, don gidan surukai ne.

"Yaya, ina kas samo wanda kak kawo min?"

Ya dubi ƙasa. "A garin Dakko. Wani yas sare ta bana."

"Kuma kab bar ni wata biyar ina wahala a kai? Kaz zo kac ce ƙaddara?"

"Surukina yag ga icce yar roƙa. Mi zan ce mai? In ce ƙanwata, matar aure, tana sassaƙa jirgin zuwa taurari? Da wane baki?"

Wannan ta fi tsagewar jirgin yi mini ciwo. Na ce, "To duk tambayoyin nan hwa? Gona, ruwa, inji? Shekara guda kana zuwa."

Ya ɗago ya dube ni, babu ko alamar mugunta a fuskarsa, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan.

"Na ga kina jin daɗi ne," in ji shi.

Daga ciki aka ƙwala mini kira in zo in ɗauki jaririya, tunda ni ce gwaggo. Na goge idona da bakin mayafi na shiga, aka ɗora mini 'yarsa a cinya ana guɗa. Ina riƙe da ita ina murmushi, a raina kuwa cewa nake da ma tun ranar farko ya yi mini dariya kamar kowa.