Ɗigogin Jurandir

Ni da Jurandir Paixão ofishinmu ɗaya a sashen lissafi na jami'a a birnin São Paulo. Aikinmu kan ɗigogi ne da ake haɗawa uku-uku, muna neman hanyar gane ko ƙuri'a ce ta haɗa su ko hannun mutum. Ni na ƙirƙiro gwajin da ke tantance hakan, kuma na daɗe ina tinƙaho da shi.

Wata Talata ya miƙo mini wani tsarin ɗigogi, bai ko dube ni ba.

"Dalva, gwada wannan. Kwamfuta ce ta zubo shi haka kawai."

Na gwada, ya wuce sumul, gwajina ya ce ƙuri'a ce. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. In da ƙuri'a ce, dole a samu ɗigo huɗu waɗanda kowane uku cikinsu a haɗe suke, da yawa ma. Na bincika, ko ɗaya babu.

Daga nan na sa masa ido. Mutumin da ba ya goge allo sai an yi faɗa, yanzu da na shigo sai ya goge. Waya ta yi ƙara, ya fice baranda yana magana ƙasa-ƙasa. Na ce a raina, ya gano wani abu, zai buga a mujalla da sunan wani ya bar ni.

Na tare shi a gidan burodin da ke bakin titi, yana shan kofi da burodin cuku.

"Mutumina, wace kwamfuta ce wannan mai tsoron ɗigo huɗu?"

Ya ajiye kofin. "Kin gani ke nan."

"Makauniya ka ɗauke ni? Da wa za ka buga?"

"Haba, Dalva! Ni na gina shi, da hannuna. Ya tsallake gwajinki, alhali babu ƙuri'a a cikinsa. Gwajin naki bai isa ba. Na rasa bakin faɗa miki, shi ne na ce bari ki gani da kanki."

Na ja kujera na zauna. Aikin shekaru ne ya rushe mini.

"Ka saya mini kofi," na ce, "maƙaryacin banza."

Mun rubuta sakamakon tare, sunana da nasa. An yaba ƙwarai. Sai dai ranar da muka gabatar da shi, wani baƙo daga birnin Recife ya yi tambayar da ba mai yin ta sai wanda ya riga ya ga aikin. Nan na tuna wayoyin nan na baranda. Na juya na dubi Jurandir. Yana ta gyaran igiyar takalminsa.