Tsagar Ɗakin Inna

Sai da Sallau ya sa kafaɗa sannan ƙofar ɗakin Inna ta buɗe, ƙasanta na kartar daɓen siminti. Tsohuwar ta yi dariya daga kan gado, ta ce haka take yi tun da ruwa ya sauka, ƙanensa Ɗanlami ya ce katakon ne ya kumbura.

Ya durƙusa suka gaisa. Ta tambayi matarsa Lantana da yara, sannan ta shiga nuna masa katifar da Ɗanlami ya sayo mata a Gusau. Sai da ta sa ya taɓa ya ji laushinta.

Tun rasuwar mahaifinsu Inna take gidan Sallau, a ɗakin azara da ya gina mata da hannunsa. Da aikin madatsar Bakolori ya kankama, ƙanensa Ɗanlami ya samu tuƙin tifa, yana jigilar tsakuwa ta hanyar Maradun. Ba a daɗe ba ya tayar da gidan bulo mai rufin kwano a bakin gari. Bai nemi Sallau ba, alhali duk Mafara an san shi magini ne. Wani birkila ya ɗauko daga wurin aikinsu, ya ce Yaya ginin ƙasa ya sani. Ana gama fenti ya zo da mota ya ɗauke Inna.

Tana cikin yabon katifa idon Sallau ya kai bayan jeren kwanukanta. Wata tsaga ce ta taso daga kusurwar taga, tana bin mahaɗar bulo hawa-hawa har ƙasa. Wannan ba tsagar shafe ba ce. Ya ce bari ya zaga, ya fita bayan ɗakin. Duk ruwan kwano a gindin bangon yake zuba, ga na makewayi ya kwanta a wurin, ƙasar kuwa laka ce. Ya tura kara, ya nutse kamar a kunu. Kusurwar ɗakin ta riga ta zauna.

Wani daɗi ya ratsa shi, irin wanda ba a faɗa wa kowa. Ya wanke hannu, ya yi wa Inna sallama, bai ambaci tsagar ba.

Ranar Talata ce, kasuwa ta cika. Wurin masu igiya wani mutumin Bakura ya riƙe hannunsa, ya tambaya ko shi ne wan Ɗanlami mai gidan kwano. Ya ce Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya fitar da uwarsa daga ɗakin ƙasa. Sallau ya ce amin. Yana tafe yana hango bangon nan a zuci ya zube ƙasa, mutane sun taru, wani na cewa da an ba wa Sallau aikin da ba haka ba.

Bayan la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, 'yan kasuwa suka fara naɗe kaya. A nan ya tuna cewa kan gadon Inna a jikin wannan bangon yake. Ya bar igiyar da yake tayawa, ya kama hanya.

Ya tarar Ɗanlami ya dawo daga aiki, yana wanke ƙafa. Da ya nuna masa tsagar, Ɗanlami ya ce ya gani, gobe zai sa a shafe ta da siminti. Sallau ya ce ko an shafe za ta sake buɗewa, ciwon a harsashi yake.

"Yaya, tun da anka aza bulon farko ba ka taɓa cewa Allah sa albarka ba," in ji Ɗanlami. "Yau kuma ka zo kana neman aibin gidan."

Sallau bai musa ba. Ya ja shi bayan ɗakin, ya miƙa masa kara ya ce ya tura da kansa. Ɗanlami ya tura, karan ya shige har hannunsa ya taɓa laka. Ya daɗe a tsugune, iska na kaɗa kwanon gidansa.

"To mi za a yi?"

Sallau ya ce a tokare rufin da itace tukuna. Sannan a haƙa ƙarƙashin harsashin gaɓa-gaɓa har a iske ƙasa mai tauri, a cika da dutse da kankare, sai gaɓa ta bushe a taɓa ta kusa da ita. A fitar wa ruwa hanya nesa da bango. Amma Inna ba za ta kwana a ciki yau ba.

"Kai za ka yi aikin, Yaya," in ji Ɗanlami, bai ɗago ba.

Yayyafi ya fara lokacin da suka kai Inna gidan Sallau. Lantana ta share tsohon ɗakin, ta kunna fitila. Inna ta zauna ta dubi azara, ta dubi ƙaramar tagar, ta ce ta manta ɗakin nan haka yake da duhu. Sannan ta tambayi yaushe za a gama gyaran nata.

Sallau ya san kafin ƙarshen wata za a gama aikin.

"Sai kaka, Inna," ya ce. "Aikin harsashi ba ya son gaggawa."

Lantana ta dube shi. Ya sunkuya yana gyara lagwanin fitilar.