Tambayar Saude a Bakin Hajjo

Saude na tsame allurai daga tafasasshen ruwa sai Malam Abarshi, shugaban ɗakin shan magani na Birnin Gwari, ya leƙo yana gyara hula.

"Motar Likita ta shigo gari. In ya ce akwai matsala, amsarku ita ce lafiya lau. Baƙo ke tambaya, ba a tambayar baƙo."

Sau ɗaya a shekara Baturen Likita ke zuwa daga Zariya, bana kuwa zai zaɓi mace ɗaya a tura ta Kaduna koyon aikin ungozoma. Mata biyu ne a wurin. Saude ta yi shekara shida a makarantar 'yan mata, tana rubutu kamar na akawu. Hajjo kuwa, 'yar Fulanin gefen gari, aji uku ta yi aka cire ta. Amma ita ce wadda tsofaffi ke nema da suna, ita ake kawo wa gyaɗa da ƙwai. Saude sai dai a ce mata "malama", a kau da kai.

Kafin wannan rana, wata guda Saude ta yi tana juya tambaya a ranta. Me ya sa ake yin lambar rigakafin agana da damina, lokacin da rafuka sun yanke hanyar Dogon Dawa kuma kowa na gona? Me ya sa maza ke yi, alhali ba magidancin da zai bari namiji ya riƙe damtsen matarsa? Ta faɗa wa Hajjo wata rana suna naɗe bandeji. Sannan ta yi yadda aka koya mata: ta rubuta da Turanci, ta sa hannu, ta miƙa wa na gaba da ita.

Malam Abarshi ya karanta, ya ce, "Madalla, 'yar boko," ya ninke takardar ya zura a aljihu.

Da Likita ya iso, ya duba kwalabe da rajista, ya zauna yana fifita da hularsa. Da Hausarsa mai tsami ya ce, "Akwai mai magana?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe," in ji Malam Abarshi.

Saude ta zuba wa aljihun da takardarta ke ciki ido. Hannunsa bai ko motsa ba.

Hajjo ce ta durƙusa da kofin ruwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, ni dai jahila ce. Don me ake lamba da damina? Bayan girbi mutanenmu na nan a gonaki, shanu na cin kara. Kuma ko ni, Baffa ba zai bari namiji ya kama min hannu ba."

Malam Abarshi ya yi tari. Likita ya ajiye kofin, ya ciro alƙalami. Ya daɗe yana yi mata tambayoyi, tana amsawa tana dariya da bakin mayafi. Saude na tsaye jikin bango, kowace kalma tata ce, tana fitowa daga bakin wata.

Da motar ta tashi, sunan Hajjo ne a takarda.

"Yaya Saude, wallahi na ga kin yi shiru ne, na ji tsoron maganar ta mutu," in ji Hajjo a bayan ɗakin shan magani.

"Kin kyauta. Sai ki tafi da ita Kaduna, ki ga ko za ta karanta miki littafi."

Hajjo ta sunkuyar da kai. Saude ta ji zafin abin da ta faɗa, amma ba ta janye ba.

Bayan sati uku umarni ya zo daga Zariya. An mayar da lamba bayan girbi, kuma mace ce za ta bi ƙauyuka da rugagen daji, a ƙasa, har Dogon Dawa.

"Wace macen?" in ji Saude.

"Ai ke kaɗai kika rage," in ji Malam Abarshi, yana murmushi.

Ta karɓi umarnin ta karanta da kanta, har ƙasa. Babu sunanta ko'ina. Ta ɗauko akwatin lamba daga kan kantar magunguna, ta hure ƙurar murfin.

"A nemo min jaki, Malam. Kuma rahoton kowane ƙauye ni zan kai gidan waya da hannuna."