Turmin Mama a Helwan

Ku tsaya ku ji, na haihu! Mace, kilo uku da rabi, gashi cunkus irin na ubanta Mitwalli. Warda sunanta.

Ranar bakwai aka kwantar da ita a rariya kamar yadda ake yi a al'adar nan, aka watsa gishiri, aka kunna kyandir. Sau biyu na goge rariyar, don nan Helwan ko farar riga ka shanya, kafin la'asar ƙurar masana'antar siminti ta mai da ita ruwan toka.

Mamata ce ke buga turmin tagulla kusa da kunnen jariri tana ba shi umarni. Duk yaran layinmu ita ta buga wa. Tsorona ɗaya, kar numfashi ya gagare ta a kan tawa 'yar. Shekara biyu tana tari muna dafa mata citta da zuma, tunda kowa na tari a nan, har tsokanar juna ake da shi. Sai da ta tofar da jini muka je asibiti. Likita ya ce ciwon daji ne a huhu, ya yi nisa. Wai sigari nawa take sha a rana? Mama da ko turaren wuta ba ta so. Da ya ji sunan unguwarmu, ajiye biro kawai ya yi.

Maƙwabciyarmu Fathiyya ta ce wa Mama, "Ummu Ragab, kawo taɓaryar, kin tsufa."

Mama ta ce, "Ke da muryar jakin nan? Sai ki kurmantar min da jika."

Aka yi dariya. Mama ta buga. "Ki ji maganar uwarki. Ta ubanki kuwa..." Sai tari. Muna ta jira, har kyandir ya ɗiga a tabarma. Ta share baki, ta ɓoye ƙyallen a hannun riga, ta ƙara bugawa a hankali.

"Warda, kar ki girma a nan."

Ba wanda ya yi guɗa.

Kwana goma sha tara Mama ta ƙara a duniya. Mitwalli ya samo mana ɗaki can garin Fayyum wurin kawunsa, ranar Asabar za mu tashi. Jiya ina ɗaure kaya na ɗauko turmin, ƙura har ta cika gindinsa. Ina cikin gogewa Warda ta yi ɗan tari sau ɗaya. Fathiyya ta buɗe baki za ta yi tsokanar da aka saba, ta dube ni, ta fasa.