Ranar da Gwaggo Ta Karɓi Katakon Mai Aski

Gwaggo, yayar babana, ta zo birni ganin likitan gwiwa, aka ce ta jira kwana biyar a sake duba ta. Zaman falo bai karɓe ta ba. Wuni ɗaya ta yi da matata a gaban talabijin, washegari ta ɗauki jakarta ta biyo ni shagona na ɗinki.

A ƙofar shagon akwai teburin ƙwallon tenis da mai askin layinmu ya kafa ƙarƙashin rumfa, ƙafa ɗaya an tokare ta da bulo. Da la'asar masu shaguna kan taru, mai aski ya yi ta lallasa su ɗaya bayan ɗaya yana cika baki. Gwaggo ta sa na fito mata da kujera. Ranar kallo kawai ta yi.

Washegari, bayan mai aski ya cinye mai walda, sai ta ce, "Ɗana, hagunka a buɗe take kamar ƙofar kasuwa."

Aka kwashe da dariya. Mai aski ya rusuna ya miƙa mata katakon bugu da hannu biyu. "To Mama, bismilla, a zo a rufe mini ita."

Na taso daga kan keken ɗinki da sauri. "Gwaggo, gwiwarki fa."

"Da gwiwa ake riƙe katako? Koma ɗinkinka."

Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta tsaya a tsakiyar teburin. Wasan farko ya cinye ta sha ɗaya da huɗu, har yana sassauta mata. Ta juya katakon, ta shafa robarsa da tafin hannu, ta ce a sake.

A na biyu ko taku ɗaya ba ta yi ba. Wuyan hannunta kawai ke aiki. Ƙwallon sai ta taho a hankali, ta dira, ta karkace ta bi ta hagunsa. Ya kai duka ya sami iska. Ya sake, ta faɗa raga. Mai kanti ya bar ciniki ya fito. Wanda yaron mai aski ke yi wa aski ma ya leƙo da zane a wuya, rabin kansa da gashi. Ta cinye shi sha ɗaya da bakwai.

"Mama, don Allah a ina kika koya?" in ji mai aski yana share gumi.

"Shekara ashirin da biyu ina koyar da wasanni a makarantar 'yan mata. Wannan telan bai sani ba, shi a saninsa malamar lissafi ce ni."

Gaskiyarta, ban sani ba.

Wasa na uku ya yi zafi, don mai aski ya daina wasa da ita. Suka kai goma da goma, ya ci biyu a jere da ƙyar. Bai yi ihun da ya saba ba. Gwaggo ta zauna tana haki, ta shanye ruwan da na kawo mata.

"Da na sami sati guda a garin nan, ko maki biyar ba za ka gani ba," ta ce masa.

Sauran kwana biyun da sassafe yake zuwa, kafin ya buɗe shago, tana daga kujera tana gyara masa riƙo, tana masa faɗa kamar ɗalibi. Ranar tafiyarta shi ya ɗauki jakarta har tasha. Direba na ta danna ham, shi kuwa yana jikin taga yana tambayarta yadda ake murɗa ƙwallon farko.