Kason Haula

Haula ba ta iya cewa a'a ba. Duk wanda ya san ta a Dakoro ya san da haka, kuma abin haushin shi ne yabonta ake yi a kai. Tun tana ƙarama, in babba ya yi magana sai ta sunkuyar da kai ta ce to, ko da ranta bai so ba. Ta je Maradi ta yi karatun na'ura mai ƙwaƙwalwa, ta dawo da takardar shaida da gilashin ido, amma wannan "to" ɗin ta dawo da abinta yadda ta tafi da ita.

Ƙungiyar makiyaya ce ta ɗauke ta aiki, ta kula da foraj ɗin Tudun Aduwa, can arewa da gari inda gonaki ke ƙarewa daji ya fara. Rijiyar burtsatse ce mai aiki da hasken rana, shato, wato tankin ruwa, a sama, kwamayen shayar da dabbobi a ƙasa. Abin da ke juya ta wata 'yar na'ura ce da ba ta fi bulo ba, a kulle cikin akwatin ƙarfe a gindin shato. Manhajar Linux ke cikinta, kuma Haula ta raba ayyukanta kwantena-kwantena, kowane aiki da ɗakinsa, don kada ɓarnar wani ta shafi wani. Ɗakuna dai daban-daban, amma ƙwaƙwalwar ɗaya ce tak, sai an bi layi. Kwantenar famfo ita ce mai gaggawa. Kafin ƙiftawar ido dole ta gaya wa injin cewa akwai ruwa a ƙasa, ya ci gaba. In ta makara, injin ya kashe kansa don kada ya ƙone. Kamfanin da ya dasa shi bai bar maɓallin hannu ba, wai mutane na barin famfo yana gudu har ya lalace.

Don haka Haula ta ba kwantenar famfo lamba casa'in da tara, wadda babu sama da ita. Mai wannan lamba in ya tashi aiki kowa sai ya matsa, kuma ba mai tashinsa sai ya gama don kansa. Har ɗan ragin lokacin da Linux ke ajiyewa don mai gyara ya samu kafar shiga ta cire, don kada komai ya gifta wa famfo. Ruwa ya yi ta zuba ba tangarɗa, aka yi ta sa mata albarka.

Sai Alhaji Badaru, shugaban ƙungiyar da ake ce wa perzidan, ya shigo ofis wata safiya da babbar rigarsa da dariyarsa. Akwai kwantenar da ke aika masa yawan ruwan shato a waya, kuma wani mai dogon baki ya gaya masa cewa a cikin na'urar akwai na gaba akwai na baya.

"Ɗiyata, ni ina kin ka aje ni?"

"Alhaji, taku ba ta gaggawa ba ce, ko ta ɗan jinkirta..."

"Af! Ashe perzidan baya a ka sa shi? Bari su ji a kasuwa."

Da wasa ya faɗa, amma bai tashi daga kujerar ba. Haula ta ce to, ta ba shi casa'in da tara. Aikin nasa ba nauyi, ba abin da ya faru. Bayan kwanaki Malam Ma'u likitan dabbobi ya zo, abokin yayanta ne, shi ya kai ta tasha ranar da za ta tafi karatu. Shi kuma kyamararsa ce a kan shato, tana ƙirga dabbobin da ke zuwa sha don a san yawan allurar rigakafi. Ya ce Alhaji ya samu, shi me ya yi? Kunya ta ci ƙarfinta. Ta ba shi casa'in da tara, ta ce a ranta gobe za ta sauke shi a ɓoye. Lokacin kaka ne, tabkuna cike, dabbobin da ke zuwa foraj ba su taka kara sun karya ba. Goben nan ta yi ta zama gobe har bazara ta kama.

A bazarar ne ta gamu da Intalla a kasuwar Dakoro. Tsohon Buzu ne, aminin marigayi babanta, dogo siriri, idanu kaɗai ake gani tsakanin naɗin rawaninsa. Shekarar fari ta kwashe masa garke, ta bar masa 'yan shanun da ake ƙirgawa da yatsu. A cikinsu akwai wata jar saniya da baban Haula ya ba shi tun tana maraƙa. Intalla ya raɗa mata suna Bahaushiya don tsokana, wai ta cika ci da surutu. Yanzu nononta jikokinsa ke sha.

"Ɗiyar Siddiku, hwaɗa mini gaskiya. Tsohuwar rijiyarmu ta koma laka, yini guda a kan guga kahin a cika kwami. In na bar ta na yanka daji zuwa taku, in iske ruwa? Bisashena ba su da ƙarhin tahiya biyu."

"Baba, ka taho kawai. Ni ke riƙe da ita."

Da alfahari ta faɗa, kuma gaskiya ta faɗa iya saninta.

Ranar da abin ya faru, da hantsi tana ofis ta ga lambobin da ke allonta sun tsaya cak. Ta nemi shiga na'urar daga nesa, shiru. Ta sake, shiru. Ta kira Alhusaini mai gadin foraj, sai ta tuna wayarsa da rezon na'urar take aiki, wato layin sadarwarta, ba wani rezo a dajin. Mabuɗin akwati yana aljihun Alhaji Badaru, shi kuwa ya tafi kasuwar Kornaka. Ta kira shi har wayarta ta yi zafi, ba a ɗauka ba. Ta saɓa jakar na'urarta, ta tare ɗan kabu-kabu mai babur.

Hanyar rairayi ce, babur na tafiya yana kwasar gefe, wani wurin sai sun sauka sun tura. Rana ta take tsaka kafin su hango shato. Tun daga nesa ta ji kukan shanu, irin wanda ba ƙarfi a cikinsa. Ba Intalla kaɗai ya bar tsohuwar rijiya ba. Garke ne bayan garke, shanu da raƙuma da tumaki, sun kewaye kwamaye suna lasar busasshen siminti. Na farkon zuwa sun shanye abin da ke shato tun da safe, injin kuma ya mutu.

Maza suka buɗa mata hanya, fuskokinsu suka saki. Mai gyara ta iso. Wannan kallon ya fi mata zagi ciwo.

Ta durƙusa ta gaida Intalla. Yana tsugune a 'yar inuwar aduwa, Bahaushiya na kwance kusa da shi, haƙarƙarinta a waje, harshe ya bushe, tana numfashi sama-sama.

"Sannu da rana, ɗiyata. Tun jiya ba ta sha ba. Amma tunda kin iso, alhamdu lillahi."

Haula ta zauna a gindin akwatin ƙarfe, ta buɗe na'urarta a cinya. Ta cikin akwatin tana nan da rai, ana jin fankarta na gudu kamar za ta tashi sama. Ta buga umarnin shiga. Ɗan farin layi ya yi ta ƙiftawa a baƙin allo, ba amsa. Ƙofar da za ta bi ta shiga ita da kanta ta toshe ta. Tsakaninta da gyaran bai fi faɗin tafin hannu na ƙarfe ba, kuma ta san layukan da za ta rubuta, ta haddace su, amma ba inda za ta rubuta su.

Alhusaini ya kawo gatari. Samari suka yi ta sara suna karɓa-karɓa, gatari na tsalle, akwatin ko gezau. Don ɓarayi aka ƙera shi, kwaɗon a ciki yake. Wani ya ce a yanke wayar hasken rana, abin ya mutu ya farfaɗo. Ta ce akwai batir a cikin akwatin, zai kai gobe. Wani dattijo ya tambaye ta ko aljanu ne. Ta girgiza kai, ta kasa haɗa ido da shi.

Da ta ɗaga kai don hawaye su koma, sai idonta ya faɗa kan kyamarar Malam Ma'u a saman shato, tana kallon tekun ƙahonin nan. Nan take ta gane. Kyamarar ba ta taɓa ganin dabbobi masu yawan haka ba. Kafin ta gama ƙirga hoto ɗaya wasu sun taru, kuma lambarta casa'in da tara ce, ba mai tashinta. Kwantenar famfo na bayanta tana jira da lamba iri ɗaya, ba ta da ikon cewa matsa. Ƙishirwar dabbobin ce ta kawo su, zuwansu ne ya kashe ruwan.

"Alhusaini, hau ka ruhe idon abin can! Da buhu, da komi!"

Ya hau tsani ya ɗaure buhun dusa a kan kyamarar. Kowa ya juya ya zuba wa famfo ido. Ba abin da ya motsa. Hotunan da kyamarar ta tara tun safe suna nan a jere, sai ta ƙirga su kaf kafin ta sauka.

"Sai yaushe, malama?" wani Bafulatani ya tambaya.

"Ban sani ba."

Tun da ta fara aiki ba ta taɓa faɗin wannan kalma a gaban mutane ba. Ta rufe na'urar, ta ciro gorar ruwanta, ta je ta ɗaga kan Bahaushiya ta tsiyaya mata a baki. Saniyar ta lashe, ta bi gorar da ido. Ɗan kabu-kabu ma ya kawo tasa. Ruwan gorar mutum biyu a cikin saniya, ko maƙogwaro bai jiƙa ba. Haula ta zauna a rairayi mai zafi, tana shafa wuyan da babanta ya taɓa ɗaura wa igiya, ta rasa abin yi. Ta yi addu'a. Ta koma ta buga umarni. Ta dawo. Inuwar aduwa ta matsa, suka bi ta, saniyar ba ta iya bi ba.

Wajen la'asar Bahaushiya ta miƙe wuya a ƙasa, idonta ya fara juyawa. Intalla ya daɗe yana kallonta. Ya yi mata magana a hankali da Buzanci, sannan ya zaro wuƙa daga kube, don kada ta mutu mushe.

"Ɗiyata, juya baya."

"Baba, ka ɗan ƙara jira, don Allah. Yanzu-yanzu..."

"Na jira iya jira. In na ƙara, ko naman mun rasa."

Ta juya. Ta ji bisimillarsa, ta ji shure-shuren ƙafafu a rairayi, sannan shiru.

Ba a gama fiɗa ba kyamara ta gama ƙirgarta, injin ya yi gurnani daga ƙarƙashin ƙasa. Bututu ya yi tari, ya tofar da iska, ruwa ya kece a kwami. Wurin ya ruɗe, dabbobi na ture juna, makiyaya na ihu da sanduna. Haula ta buɗe na'ura, ƙofar ta buɗe mata kamar ba a taɓa rufe ta ba. Ta sauke lambar kyamara can ƙasa, ta sauke ta Alhaji, ta mayar da ragin lokacin da ta cire. Layi huɗu. Ko ruwan kwami na farko bai cika ba ta gama. Wannan sauƙin ne ya sa ta fashe da kuka, ta toshe baki da mayafi. Mutane suna wucewa suna cewa sannu malama, Allah shi yi albarka.

Da rana ta yi sanyi Intalla ya shayar da sauran shanunsa, ya raba nama ga makiyayan da ke wurin kamar yadda aka saba. Sannan ya nufo ta da ƙunshi a tsohon buhu, jini na ɗiga ta gindi.

"Baba, ni ce," ta ce tun kafin ya ƙaraso. "Ni na sa abin ga ya tsaya. An roƙe ni, na kasa..."

"Ke kin ka tada shi, muna gani. Kwananta ne ya ƙare." Ya miƙo ƙunshin da hannu biyu. "Hanta ce da cinya. Ta gidanku ce, daga hannun Siddiku ta hito. Ki kai ma innarki, ki ce Bahaushiya ta komo gida."

Duk jikinta ya ce a'a. Ta tuna jikokinsa da ƙwaryar da za su miƙa da safe, ta tabbata naman nan ba zai wuce maƙogwaronta ba har abada. Ta ɗago kai don ta ƙi, sau ɗaya a rayuwarta. Tsohon yana tsaye, hannuwansa a miƙe, idanunsa sun yi ja a tsakanin rawani, yana jira.

"To, Baba," in ji Haula.

Ta karɓa, ta hau bayan babur, ta ɗora ƙunshin a cinya bisa jakar na'ura. Har suka shiga Dakoro naman bai huce ba.