Hannun da Ya Tsaya a Kunne

A kwalejin horar da malamai akwai wani ɗalibi, Rediyo ake ce masa, don in ya buɗe baki sai dai kowa ya haƙura. Ranar da za a nuna bidiyon darasin da ya koyar a sakandare, kujerar gaba ya kama.

Malamarsu ta kunna bidiyon, ta kashe sautin.

"Malama, ai daɗin yana cikin maganar," in ji Rediyo.

"Mun sha jin ka. Yau kallo za ka yi."

Ya ga kansa yana kai da kawo gaban allo, baki na motsi kamar mai taunar cingam. Ya juyo ya yi tambaya. Can kusa da taga wata ɗaliba ta fara ɗaga hannu a hankali. Hannun ya kai kunnenta ke nan, gogan ya riga ya ba kansa amsa ya koma allo. Sai ta wayance da sosa kunnen.

Abokansa suka yi dariya, ban da shi.

"Malama, ko sunanta ban sani ba."

"Gobe kana da darasi da su," ta ce. "Ka tambaye ta, sannan ka yi shiru."